Giyar Sati Uku ta Ƙanena Egbert

Ƙanena Egbert bai taɓa gama komai ba a rayuwarsa, in ka ɗauke abincin da aka ajiye masa a gaba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, don haka ba mai cewa sharri nake masa. Ku zagaya bayan gidanmu ku gani da idonku. Ga rabin kwalekwalen da ya fara sassaƙa shekara tara da suka wuce, yanzu kajina ne ke ƙwai a ciki. Ga kejin zomaye mai bango uku. Ga rijiyar da ya haƙa iya gwiwa, ya fito ya ce ƙasar ce ba ta da kirki. Amma baki? Tabɗijam! Wata huɗu kacal ya yi yana gadin ƙofa a wani kamfanin lemon kwalba a birnin Belize, tun yana saurayi, amma har yau da sanƙo ya gama da kansa, in ya buɗe baki sai ka ji "mu a kamfaninmu".

Shekara shida ya yi yana neman auren Mis Ismay. Ita ce shugabar matan cocinmu, kuma duk ƙauyen nan namu na bakin tafki ba wanda ya kai ta iya giyar yazawa. Tun da mijinta Wilmot ya rasu take zaune ita kaɗai. Kowace Lahadi Egbert ne ke riƙe mata lema daga coci har gida. Ta zuba masa shinkafa da wake da soyayyar karfasa, ya cinye tas, ya yi tambayarsa, ta ce masa ya gaida gida.

Abin ya faro ne a tsakar gidana, farkon kakar yazawa. Ni da Mis Ismay muna zaune muna murɗe ƙwallaye daga jikin 'ya'yan da muka tsinto da safe. Maƙwabcina Baba Linford yana kan benci yana fifita da hula. Egbert kuwa yana tsaye a kanmu, hannu a aljihu, yana girgiza kai.

Ya ce, "Shekara guda! Ku bi ƙasa kuna tsintar yazawa kamar kaji, ku matse, ku ajiye a rana, ku zauna kuna kallon ganga har shekara ta zagayo. Mu a kamfaninmu, kafin mutum ya yi atishawa an cika kwalba dubu."

Baba Linford ya ce, "Kai ne ke cika su, ko kai ne ke buɗe wa mota ƙofa?"

"Na bakin ƙofa shi ke ganin komai, Baba. Duk sirrin aikin yana cikin kan nan nawa."

"Ai shi ya sa gashin ya gudu, wuri ya yi masa kaɗan."

Mis Ismay ba ta ko ɗaga kai ba. Ta murɗe ƙwallo, ta jefa a bokiti, ta ce, "Egbert, shekara shida kana yi mini tambaya ɗaya. To ga amsa. Ka kawo mini kofi ɗaya na giyar da ka yi da hannunka, tun daga tsinta har tacewa, wadda zan iya haɗiyewa ban tofar ba. Ranar nan sai mu je wurin Fasto."

Na ce a raina, Allah na gode maka. Ba ta sa rana ba. In ya bi ni a hankali, baɗi war haka an ɗaura aure. Ban gama godiyar ba sai na ji wawan nan ya buga ƙirji.

"Ranar bikin yazawa za ki sha!"

Bikin nan da ƙauyenmu ke yi duk shekara saura sati uku. Na kai hannu na mintsine shi a ƙwauri, na ce, "Bikin baɗi yake nufi."

"Na bana nake nufi, Yaya Ilma. A gaban kowa da kowa."

Sai a lokacin Mis Ismay ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "To, kai ka yanke da bakinka. Ranar biki. In babu kofi, kada in ƙara ganin ƙeyarka a ƙofata."

Gabana ya faɗi, domin matar nan ba ta maimaita magana. Duk shirmen Egbert ina son ƙanena, kuma na san tsakani da Allah yake son ta. Ban da haka ma, ni fa na gaji da ciyar da ƙato mai shekara hamsin da biyu.

Washegari da safe na ji ana dukan bishiya. Na leƙo, sai ga Egbert da doguwar gora yana zabgar rassan yazawata, ɗanyu da nunannu suna zubowa tare da ganye.

Na ce, "Kai, kana hauka ne? Wa ya taɓa kaɗo yazawar giya? Sai wadda ta faɗo da kanta!"

"Ita ce za ta sa mini lokaci? Mu a kamfaninmu ba ma jiran kaya, kaya ke jiranmu."

Ya ɗaga gorar ya ƙara kai duka, sai ga wani abu mai ruwan toka ya faɗo masa a kafaɗa. Gidan rina ne. Ban taɓa sanin ƙanena ya iya gudu ba sai ran nan. Ya tsallake shingena, ya tsallake na Baba Linford, ya bi ta cikin shanyar matar mutane, ya faɗa tafki da takalminsa. Da ya fito leɓensa na sama ya kai hanci, ido ɗaya ya rufe ruf.

Baba Linford ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Sannu injiniya. Kayan ne suka same ka?"

Egbert ya ce wani abu, amma leɓen bai bar maganar ta fito ba.

Kwana biyu ya yi yana jinya, ran na uku ya fito da wata tsohuwar kalanda mai hoton wasu Turawa sun naɗe wando suna tattaka inabi a cikin ƙaton baho. Ya ce ga yadda manyan duniya ke yi, matsa da ƙyalle aikin tsofaffin mata ne. Ni kuwa na tafi kai wa jikata abinci. Da na san abin da zai yi da na ɗaure shi a gindin bishiya. Ashe bai cire ƙwallayen ba. Wai ƙarfin yazawa duk a ƙwallo yake, mu ne ba mu da ilimi muke cirewa. Ya zuba komai a turmina ya kirɓa har ɓawon ya farfashe, ya juye a bahon wanka, ya tuɓe takalmi ya shiga.

Ko jaririn ƙauyen nan ya san man da ke cikin ɓawon ƙwallon yazawa wuta ne. In muna gasa ƙwallo, sai mun kore kaji daga wajen hayaƙin. Shi kuwa ga shi tsundum a ciki har idon sawu, yana tattakawa yana fito.

Na dawo na tarar da shi yana rawa a cikin baho. Na ce, "Me kake yi haka?"

"Aiki nake, Yaya. Kin ji yadda yake ɗan cizo? Alamar ƙarfi ke nan."

"Fito, don ubanka!"

"Ubanmu ɗaya fa."

"Na sani, fito!"

Kafin yamma ƙafafunsa sun yi bororo sun kumbura kamar burodin kwakwa. Na shafa masa man kwakwa, na naɗe su da ganyen ayaba, na ɗaure da tsumma. Yana kuka yana ce mini in lura da kyau, domin nan gaba mutane za su zo daga birni su tambaye ni yadda aka yi.

Duk da haka bai haƙura ba. Ya tace ruwan ya juye a wani tsohon duro na ƙarfe da ya samo a bayan coci, ya zazzaga sukari. Mu ko wuƙar ƙarfe ba ma bari ta daɗe a jikin yazawa, balle a tsima ta a duro mai tsatsa. Na faɗa masa sau uku, ya ce duk tukwanen kamfaninsu na ƙarfe ne. Bayan sati guda ya buɗe, ya kira ni in zo in ga abin mamaki. Na leƙa, na ga ruwa baƙi ƙirin kamar tawada.

Ya ce, "Haka ta masu kuɗi take. Ba ki taɓa gani ba ne."

"To bisimilla, ɗanɗana."

Ya ɗebo a cokali, ya kai baki, ya tsaya. Bakinsa ya tsuke, idonsa ya kawo ruwa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya juya baya ya tofar, sannan ya ce, "Ta yi wa mace ƙarfi." Da na shiga ɗaki sai ya lallaɓa ya tuntsurar da duron a kwatar da ke bi ta ƙarƙashin shingen Baba Linford.

Can da la'asar sai ga Baba Linford ya shigo ba ko sallama, riƙe da adda.

"Ilma, an sace mini alade! Farar nan tawa mai ciki. An bar mini wata baƙa a madadinta, tana kwance tana minshari, na zungure ta ta yi mini gyatsa."

Muka ɗunguma muka je. Ga alade nan baƙa wuluk tun daga hanci har bindi, ta yi ɗaiɗai a cikin caɓi. Baba Linford ya kira sunanta, ta buɗe ido ɗaya, ta miƙe, ta yi taku biyu gaba uku baya, ta zauna daɓas a kan ƙafarsa. Ya sunkuya ya shinshina ta, ya juyo a hankali ya dubi Egbert.

Egbert ya ce, "Ka gani ko? Ita ta haɗiye ba ta tofar ba."

"To ita za ka aura ke nan. Zo in ba ka, ni ne waliyyinta."

Da ƙyar na raba su, na yi wa Baba alkawarin wanke aladen da kaina. Kwana uku ina dirza, har ta haihu ba ta koma fara sosai ba.

Saura kwana goma biki, ba giya, ba duro. Na ce wa Egbert ya je ya ba Mis Ismay haƙuri, ya roƙi a ɗaga zuwa baɗi. Ya ce to. Na raka shi don kada ya canza hanya, yana ɗingishi cikin ganyen ayaba. Muka same ta a baranda tana ɗinkin farar rigar da za ta sa ranar biki. Ta dubi fuskarsa, ta dubi ƙafafunsa, ta cije leɓe don kada ta yi dariya.

Ta ce, "Ka zo janye maganarka ne?"

Na buɗe baki, ya riga ni. "Ni? Gwaji na gama. Yanzu za a fara aikin gaske. Ganga kawai nake nema."

Ta ajiye ɗinkin. Ta tashi ta buɗe ɗakin ajiya, ta nuna masa wata gangar katako, ta yi baƙi don tsufa, tana sheƙi. Wilmot ne ya haɗa ta da hannunsa shekarar da suka yi aure, kuma tun da ya rasu ba ta bar kowa ya taɓa ta ba. Ni kaina na taɓa roƙa ta hana ni.

Ta ce, "Ɗauki. Amma ka ji ni da kyau. Ƙyalle kawai za ka ɗaura a bakinta. Sabuwar giya numfashi take yi, in ka toshe ta za ta nemi hanya da kanta."

"Kada ki damu, ai mu a..."

"Egbert. Ƙyalle."

A hanya na ce masa, "Kai, ka san abin da matar nan ta ba ka kuwa?" Ya ce ganga ce mana. Na ce Allah ya shirye ka.

Wannan karon dole ya tsinci yazawa a ƙasa, don ya ji tsoron gora, kuma ƙafa ba ta takuwa. Da rarrafe ya riƙa bin gindin bishiyoyi yana jan bokiti. Baba Linford ya jingina da shinge, ya watsa masa tsabar masara, yana kiran "kur, kur, kur". Egbert bai kula shi ba. Ya cire ƙwallaye, ya matse da ƙyalle yadda na nuna masa, ya zuba a ganga da sukari. Har na fara cewa yaron nan ya yi hankali.

Ashe ya je wurin mai burodi ya sayo yis ɗin kumbura ƙullu, ba ƙulli ɗaya ba, ba biyu ba, goma sha biyu. Ya juye duka. Kafin rana ta yi tsaka ganga ta fara kumfa tana tumbatsa, ƙyallen ya jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Kin gani, Yaya? Duk ƙarfin yana gudu ta ƙyallen nan. Mu a kamfaninmu kwalbar da ba a toshe ba lami take zama."

"Me Mis Ismay ta ce maka?"

"Ita ta shekara guda ta sani. Wannan ta kwana goma ce, dokarsu ba ɗaya ba."

Ya sassaƙa toshi na katako, ya buga da guduma, ya ɗiga kyandir uku a kai, ya bi da kwalta. Sannan ya mirgina gangar tsakiyar fili inda rana ta fi zafi. Na yi rantsuwa zan cire toshin, ya shimfiɗa tabarma kusa da ita ya ce sai dai in bi ta kansa. Ran na uku ganga ta fara gurnani. Ran na biyar karena ya daina bi ta wajen. Ran na bakwai cikinta ya turo, zobban ƙarfen suka nutse a jikin katako, ni kuwa na kwashe tukwanena na koma girki a bayan gida.

Baba Linford ya ce, "Injiniya, watanta nawa? Na ga haihuwa yau ko gobe."

"Ka dai tanadi kofinka, Baba. Hassada ba za ta hana ka sha ba."

Ranar biki ta zo. Filin makaranta ya cika maƙil, har da mutanen birni da suka zo a motoci. Ana gasa ƙwallo a can gefe, ana suyar kifi da agada, masu kiɗa suna gyara kayansu. Kowace shekara matan coci ne ke buɗe taro da waƙa, sanye da fararen kaya. In sun gama sai su je su canza, sannan a buɗe kwalaben bara, don ba mai hankalin da zai kusanci yazawa da farin tufa. Ni ma ina cikinsu, a layi na biyu. Mis Ismay tana gaba cikin sabuwar rigarta, fara fat, ta sha guga.

Muna baiti na biyu na hango Egbert. Ya ɗora ganga a baro, ya turo ta tun daga gida a kan hanyar nan tamu mai ramuka, cikin zafin rana, tana tsalle tana faɗuwa. Ya sa kwat ɗin babanmu da hular ganye. Gangar tana wani irin fito siriri. Na riƙa yi masa alama da hannu ya tsaya can, shi kuwa ya ɗauka gaishe shi nake, ya ɗaga mini hula. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban mawaƙa.

Fasto ya matso ya ce a hankali, "Ɗan'uwa Egbert, ka bari mata su gama su canza kaya mana."

"Ba za ta jira ba, Fasto. Ka ji ta da kunnenka, ɗoki take yi." Ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "Jama'a, ku matso! Yau za ku ga abin da ilimi ke yi a kwana goma!"

Baba Linford ya ce, "Ni dai daga nan ma ina gani," ya koma bayan teburin kifi.

Egbert ya ciro kofi daga aljihun kwat, ya goge shi da hannun riga, ya riƙe a bakin ganga. Ya ɗaga guduma ya ɗan ƙwanƙwasa toshin ta gefe. Shiru. Ya ƙara. Shiru. Ya ja baya ya maka da ƙarfinsa.

Ƙarar da na ji, na ɗauka taya ce ta fashe a cikin kunnena. Toshin ya tashi ya ɗauke hular Fasto, ya wuce ya fasa tagar aji uku. Giya ta yi tsiri sama har ta wuce kan tutar makaranta, ta dawo mana kamar ruwan farkon damina. Mata suka watse suna ihu. Gangar ta wuntsulo daga baro, ta shiga juyi a ƙasa tana feshi ta ko'ina, ta bi ta ƙarƙashin teburin kifi ta zaƙulo Baba Linford, ya fito a guje tana biye da shi yana kiran sunan uwarsa da ta rasu shekara arba'in. Sai da ta kai gindin tuta zobbanta suka tsinke, katakan suka tarwatse ko'ina.

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga ganyen bishiya. Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Mis Ismay tana nan tsaye inda take, littafin waƙa a hannu, bakinta a buɗe yadda waƙar ta bar shi. Ta jiƙe tun daga ɗankwali har takalmi, kumfa na gangarowa a gaban rigar. Ta rufe baki, muka ga maƙogwaronta ya motsa.

Egbert ya yi tsalle da kofinsa, wanda ko ɗigo bai shiga ba. "Ta haɗiye! Jama'a kun gani, ta haɗiye ba ta tofar ba! Kowa shaida ne!"

Wasu suka fara dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin Mis Ismay ba shi take kallo ba. Ta taka a hankali zuwa gindin tuta, ta sunkuya ta ɗauki katako ɗaya, ta shafa shi da tafin hannu. Na ga hawaye a idonta, ni ma nawa suka kawo.

Ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka, Egbert. Ƙyalle."

Egbert ya mayar da kofin aljihu.

Ta ja gaban rigarta ta nuna masa. "Ranar da tabon nan ya ɓace daga rigar nan, ka zo ƙofata." Ta ajiye katakon, ta wuce gida.

Ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Tabon yazawa ba ya fita. Ka sa sabulu, ka sa lemon tsami, ka shanya a raɓa, ka kai wa Fasto ya yi addu'a, yana nan har rigar ta mutu. Mu duka da muke layin waƙa mun yi asarar kayanmu ran nan, kuma har yau akwai matan da ba sa amsa gaisuwar Egbert.

Da yamma na zuba masa shinkafa da wake, ya yi loma biyu ya ture kwanon. Tun da uwarmu ta yaye shi ban taɓa ganin haka ba, sai tsoro ya kama ni. Na shirya zagi cike da baki, na haɗiye abina.

Da gari ya waye ya ɗauki baro ya koma filin makaranta. Ya tsince katakan nan ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya faɗa rufin aji. Sannan ya yi abin da ban taɓa zato ba: ya je shingen Baba Linford ya cire hula.

"Baba, kai ka taya Wilmot haɗa gangar nan. Yaya ake yi?"

"Au, ba a koya muku a kamfaninku ba?"

"Ƙofa kawai nake buɗewa, Baba."

Baba Linford ya ce masa ya je ya ɗauko guduma.

Sati biyar ya yi a bayan gida, kusa da rabin kwalekwalensa. Ya haɗa ta warwatse, ya haɗa ta warwatse. Ya daki yatsa, farce ya fita. Kullum ina jiran ranar da zai ce katakon ne ba shi da kirki, ranar ba ta zo ba. Lahadi in an tashi coci sai ya tsaya nesa yana kallon Mis Ismay tana tafiya riƙe da lemarta da kanta. A sati na biyar ya cika gangar da ruwa, ta kwana ta wuni ko zufa ba ta yi ba. Ya turo ta har bakin hanyar gidan Mis Ismay ya tsaya, ya ce ni in ƙarasa da ita, shi an hana shi ƙofar.

Ta fito ta zagaya gangar sau biyu, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ta ce, "Wa ya yi?"

Na ce, "Shi."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Ni ma sai da na zauna."

 Ta dai tambaye ni ko akwai sauran yazawa a bishiyata, tana son bokiti biyu. Kaka ta ƙare, sai 'yan tsiraru, na tattara na kai mata. Na ɗauka dafawa za ta yi.

Lahadi muna tsaye a ƙofar coci sai ga ta tafe cikin wata riga mai ruwan ƙasa, launi ɗaya tun daga wuya har ƙasa. Sai da ta matso na gane ɗinkin. Rigar biki ce. Ta tsoma ta gaba ɗaya a ruwan yazawa, ta shanya, ta sake tsomawa, har ko'ina ya zama ɗaya.

Ta tsaya gaban Fasto ta buɗe hannuwa. "Fasto, kana ganin tabo a rigar nan?"

Ya gyara tabarau, ya duba gaba, ya duba baya. Ya ce, "Gaskiya ban gani ba."

Baba Linford ya ce, "To kofin fa? An ce sai ya kawo kofi."

Ta ce, "Na haɗiye ban tofar ba. Kowa shaida ne." Ta juya ta miƙa lemarta. "Egbert, rana na dukana."

Ƙanena ya zo da sauri ya karɓa, ya buɗe, hawaye na bin kumatunsa. Suka kama hanya, mu muna biye. Ba su yi taku goma ba na ji ya yi gyaran murya.

"Kin san fa, launin nan ba ƙaramin abu ba ne. In muka samu ganga goma da fararen yadi, mu a kamfa..."

"Egbert."

"Na'am."

"Riƙe lema."

Ya riƙe. Yau shekara huɗu ke nan yana riƙe da ita, kuma a gidanta yake cin abinci.